Muryar da Na Ɗauka Ba a Ba Ni Ba

Duk wanda ya zo neman koyon aikin nan a wurina, maganarsa ta farko ɗaya ce: "Anti Larai, ni fa na iya kwaikwayon muryar malaminmu, har shi kansa sai da ya yi dariya." Madalla. Kowa ya iya kwaikwayon malaminsa na minti ɗaya. Abin da nake tambaya shi ne, za ka iya riƙe muryar nan awa uku kana zaune a kujerar roba, fanka a kashe don kada makirufo ya ɗauki ƙararta, kyamara na kallon fuskarka, ba takarda a hannunka, mutane kuma suna kallo kai tsaye daga Zinder har Jidda? A nan fuskoki suke sauyawa. To ku gyara zama. Zan gaya muku yadda aikin yake, in kuma gaya muku yadda ya sa wata tsohuwa da nake ɗauka kamar uwa ta daina yi mini magana, tun da na san labarin ɓarna kuka fi so.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Mu biyar muke zagaye tebur a wani ɗaki a Hadayek el-Maadi, nan Alƙahira, duk ranar Asabar bayan la'asar. Ɗaya shi ne mai jan labari. Shi ke cewa ga kogi, ga gari, ga aljani a bakin ƙofa. Sauran mu huɗu kowa da mutum ɗaya da ya ɗauka a cikin labarin, yana magana da bakinsa, yana yanke masa shawara. In ka ce mutuminka zai tsallake rijiya, ko zai yi wa sarki ƙarya, sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Babbar lamba ta fito, ka tsallake. Ƙarama ta fito, ka faɗa ciki, kuma ba wanda zai ciro ka don kana da farin jini. Ba caca ba ce, ba a zuba komai, na yi wa ɗaliban ilimi wannan bayani har bakina ya gaji. Wasu sun gamsu, wasu sun ce Allah ya shirye mu. Ranar Asabar kuma sai in ga sunayen na biyun a cikin masu sharhi suna tambayar dalilin da ya sa muka bar doki a daji.

Ba a tebur na fara ba. A wasan kwaikwayon rediyo na fara, a Kaduna, inda nake fitowa a matsayin 'yar aikin da ke cewa "Hajiya, an yi baƙi" ta ɓace. Karatun maigidana ne ya kawo mu Masar, muka kama haya a Ard al-Liwa. Ana nan sai na ji wani situdiyo a Mohandessin yana neman mai Hausa don ɗora murya a katun na yara. Aikin farko da aka ba ni agwagwa ce mai son gulma. Na je da shadda sabuwa fil, ta sha sitati, da awarwaro a hannu biyu, ina ganin ai ranar farko ce, sai an fito da kyau. Mai ɗaukar sautin wani Bamisire ne, Ustaz Magdi, mai furfura da fuskar da ba ta cika dariya ba. Ya sa abin sauraro a kunne, na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ya madam, agwagwar nan tana sanye da buhu ne?"

Duk motsin da na yi shaddar tana ƙara, awarwaron suna amsa mata. Ranar a cikin rigar leda ta mai share situdiyon na yi agwagwata, ita ma sai da aka ce ta fi shaddar shiru. Tun daga nan ba na zuwa aiki sai da atamfa da ta sha wanki.

Ustaz Magdi ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, amma in na yi ƙarya da murya yana ganewa. Shi ya koya mini in bar tazarar tafin hannu tsakanina da makirufo, in kauce gefe kaɗan in zan furta "fa" da "ba" don kada iska ta buge shi. Shi ya raba ni da ruwan sanyi, ya haɗa ni da shayin yansun da hulba. Ya ce murya daga ciki ake ɗauko ta, maƙogwaro hanya ce kawai, wanda ya mai da hanya ɗakin kwana zai ji a jikinsa. Sai kuma doka ɗaya da yake maimaitawa har na haddace Larabcinta: in za ki gina murya, ki haɗa ta daga mutum uku. Numfashi daga wannan, sauti daga wancan, kalmomi daga na uku. Kada ki taɓa ɗaukar mutum guda sukutum. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Saboda mai ita yana raye, yana kuma da maƙwabta." Na yi dariya na ce tamam, wato na ji.

Na shekara biyar ina katun da tallan sabulu kafin Bashir ya neme ni. Bashir ɗan Zinder ne, ya zo karatun fiƙihu, ya gama, ya ƙi komawa. Shi ya ga wasan tebur a intanet da wasu harsuna ya ce me zai hana a yi da Hausa, da aljanunmu da kogunanmu. Shi ne mai jan labarinmu har yau. Zama na farko na isa da wuri, na gaisa da kowa, na zauna ina jira a miƙo mini takardar abin da zan faɗa. Aka kunna kyamara. Bashir ya dube ni ya ce, "Anti, kura ta tare miki hanya. Me za ki yi?"

Na ce, "A ina aka rubuta?"

Ya ce, "Ba a rubuta ba. Kurar tana matsowa."

Na ce to in gaishe ta. Na jefa ɗan lido ya ba ni uku, kura ta tafi da takalmina. Masu kallo goma sha wani abu ne a ranar, kuma rabinsu 'yan ɗakin su Bashir ne, amma har yau in na shiga taron biki sai an sami mai tambayata ko kura ta dawo da takalmin.

Bambancin ke nan da ba ku gani daga waje. A katun wani ya riga ya yi tunanin, ke baki kawai kike ba da aro. A tebur ke ce bakin, ke ce tunanin, kuma ba a cewa a sake. Shi ya sa masu aikin kirki suke zuwa da guzuri. Kafin ki zauna, kin san sunan uwar mutuminki, abin da yake tsoro, abincin da ba ya ci, laifin da ya taɓa yi. Ba don za a tambaya ba. Don in an tambaya kada bakinki ya kai hannu ga abin da ya fi kusa.

Masu kallonmu kuwa ba sa mantuwa. Akwai direbobi a Saudiyya da suke sauraro a mota, akwai mata da suke jingina waya da tukunya suna girki, akwai ɗalibai da jarrabawa ke gabansu. In yau kin ce mutuminki ba ya cin kifi, bayan wata takwas ya ci, za a rubuto miki da lambar fitowar da minti. Ina ƙaunarsu, amma da ƙwaƙwalwar nan suka sa a karatu da tuni duk sun zama shehunai.

Hajja Nafisa ta zo unguwarmu ne bayan yaƙi ya kore su daga Sudan. Bahaushiya ce ta can, kakanninta ne suka tsaya a hanyar Makka ba su ƙarasa komawa ba. Ta kafa teburin shayi a bakin lungunmu, da murhun gawayi da kwalaben citta da kanumfari. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda rabona da jin ta tun kakata, ga Larabcin Sudan a barbaɗe a kai. Tana jan magana a hankali, ta yi ɗan tari kafin ta faɗi abin da zai yi maka zafi, sannan ta rufe da "khalas", wato shi ke nan. Ba ta da kowa a nan, ni ma uwata tana nesa, sai muka riƙe juna. Duk safiya kafin in hau mikrobas, ƙaramar motar hayarsu, sai na zauna a bencinta. Tana ce mini ɗiyata, ina ce mata Hajja, tana yi mini faɗa a kan ɗaurin ɗankwalina.

A lokacin ne Bashir ya buɗe sabon labari, na kogi da tsibirai, ya ce kowa ya kawo sabon mutum. Ni kuma na kawo Gwaggo Dudu, tsohuwa mai fito da kwale-kwale. Na so in haɗa ta daga mutum uku kamar yadda aka koya mini. Amma da na buɗe baki a gwaji, Hajja ce ta fito gaba ɗayanta, da jan maganar da tarin da khalas ɗin. 'Yan tebur suka kwashe da dariya har Bashir ya kifa kai. Na ce a raina ai wasa ne, wa zai gane mai shayi a wani lungu na Ard al-Liwa? Gwaggo Dudu ta karɓu fiye da duk abin da na taɓa yi. Saboda muryar ta zo mini a sauƙaƙe, ban zauna na haɗa mata guzuri ba. Ban san uwarta ba, ban san laifinta ba. Na dogara da cewa in na yi tarin nan kowa zai yi dariya, kuma kullum suna yi.

Wata safiya ba kowa a benci sai ni, na tambayi Hajja dalilin da ya sa kullum take zuba kofin farko ta ajiye gefe har ya huce. Ta gama zuba mini nawa. Sannan ta ce na ɗanta ne, Usmanu. Mutanen unguwa sun ɗauka shi ya zaɓi ya tsaya a can ya tsare gida, haka ta gaya musu. Gaskiyar ita ce tare suka fito. A wata tasha kafin iyaka ya sauka nemo mata ruwa, aka fara harbi, direba ya ja mota.

"Na ga bayansa ta taga, ɗiyata. Na iya in ce a tsaya in sauka. Ban ce ba. Tsoro ya riƙe mini baki. Ban taɓa gaya wa mahaluƙi ba sai ke."

Na riƙe hannunta har mikrobas biyu suka wuce ni.

Bayan kamar wata biyu, a tebur, ayarinmu ya isa wata mashiga da aljani ke tsaro. Bashir ya sauke murya ya ce aljanin ba ya karɓar zinariya, kuɗin fitonsa shi ne kowa ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Sauran suka ciro nasu daga guzuri, tsaf. Da aka zo kaina na ce Gwaggo Dudu za ta yi masa ƙarya. Na jefa, ɗan lido ya ba ni biyu.

Bashir ya ce, "Aljanin bai yarda ba, Gwaggo. Gaskiya yake so."

Kyamara na kaina, ba ni da komai a ajiye. Ina cikin muryar Hajja, ina numfashi irin nata, sai maganarta ta biyo muryarta. Na mai da motar kwale-kwale, ruwan da ya sauka nema kuma na mai da shi sandar tuƙi da ya koma ɗaukowa, a daƙiƙar ƙarshe na sauya sunan ɗan. Sauran duk nata ne, har kofin farko da ake ajiyewa ya huce, har "tsoro ya riƙe mini baki". Ɗaya daga cikin 'yan wasan tana share hawaye. Zan gaya muku abin kunyar, a wannan minti daɗi na ji, don na san na yi wasa mafi kyau a rayuwata. Sai da muka kashe kyamara na gane abin da na aikata.

Na roƙi Bashir ya cire wurin, ya cire, amma kai tsaye aka watsa. Kafin Litinin an yanko guntun yana yawo a wayoyi. A Ard al-Liwa kuwa ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Sun san tarin, sun san kofin. Wata mata ta kunna wa Hajja shi a bakin teburinta, wai ta ji yadda ta yi suna.

Ranar Talata na je benci. Na durƙusa na ba ta haƙuri da duk kalmomin da na sani, ni da nake cin abinci da kalmomi. Hajja ta zuba mini shayi yadda nake so, citta da yawa, ta miƙo mini. Ba ta ce komai ba. Washegari ma haka. Tana hira da mai tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, tana faɗa da mai gawayi, da na iso sai ta rufe baki ruf. Ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta dai gane cewa duk abin da ya fito daga bakinta a gabana ba shi da tsaro, sai ta daina fitarwa. Ban taɓa jin hukuncin da ya dace da laifi kamar wannan ba, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Na ce wa Bashir ba zan ƙara yin Gwaggo Dudu ba. Ya sauke ta a wani tsibiri, ya ce ta gaji da fito. Masu kallo suka yi ca, wasu suka tafi, wasu suka tsaya don su riƙa tuna mana kullum. Na kawo sabon mutum, wani jarumi mai murya kamar ana jan gado a siminti, kuma saboda ina son in nuna ban mutu ba, daga maƙogwaro na riƙa kankaro shi. Wata uku ya yi, muryata ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya leƙa ya ce sati uku ba magana, ko raɗa. Da na rubuta wa Ustaz Magdi saƙo, amsarsa kalma ɗaya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri, sai hoton kofin yansun. Ya yi mini kara da bai ce ya gaya mini ba.

Ban daina zuwa benci ba. Ku kwatanta abin: mace biyu, ɗaya ba ta so ta yi magana, ɗaya ba ta iyawa, suna zaune kullum da safe suna kallon tuktuk. Mai gawayi ya ce tun da yake bai taɓa ganin hira mai zaman lafiya irin tamu ba. Ina wanke mata kofuna, tana bari. Ina hura mata wuta, tana bari. A sati na uku, ina tsugune ina fifita gawayi, na ji tarin nan a bayana.

"An ce har Jidda ana jin ku."

Na ɗaga kai alamar e.

"Har Sudan? Har Chadi?"

Na sake ɗagawa.

"To ranar Asabar ki kai ni. Kin faɗa musu labarina, amma kin ɓata sunan. Wa zai neme shi da sunan da ba nasa ba?"

Ranar Asabar ta sa farin mayafinta na Sudan, muka hau tuktuk, muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Duk hanya ba ta ƙara ko kalma ba. Bashir ya tashi ya ba ta kujerarsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ture 'yan lido da taswira gefe. Ta dubi makirufo ta tambaya ko sai ta ɗaga murya don na nesa su ji. Aka ce a'a. Aka kunna.

Ta yi sallama. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta da unguwar da suka fito. Ta faɗi sunan Usmanu cikakke, da tsawonsa, da tabon da ke haɓarsa, da sunan tashar. Sannan ta ce, "Usmanu, ni ce. Na zauna a mota ban sauka ba. Mutane sun riga sun ji, to kai ma ka ji daga bakina. Ka yafe mini. Ina Ard al-Liwa, ina sai da shayi. Khalas."

Ina tsaye a bayan kyamara ina ji. Kusan shekara na yi ana yabona cewa na iya muryar nan, na kuma yarda. Ranar na gane ko kusa ban je ba. Tarin na ɗauka, da jan maganar, abin da ke ƙasansu ban taɓa kaiwa gare shi ba, kuma ba na jin akwai mai koyar da shi. Har yau da wannan saƙon muke buɗe kowace fitowa. Mutane sun rubuto daga wurare da dama, an bi wasu maganganun, ba a dace ba tukuna. Muna nan muna sakawa.

A hanyar komawa muka sami wuri a taragon mata. Jirgi ya tashi, Hajja ta gyara mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ɗaurin ɗankwalin, da shi kika shiga gaban duniya?"

Muryata ba ta gama dawowa ba, na ce mata a shaƙe, "Da shi, Hajja."

"Allah ya kyauta. Kuma tarina ba haka yake ba, kin cika masa gishiri."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta yi mitar tsadar gawayi, ta ce Bashir yaron kirki ne amma yana buƙatar aski, ta tambaya ko da gaske manya da hankalinsu suke zama suna jefa ɗan lido don kura. Na bar ta tana yi, ina jin kamar an sauke mini kaya daga ka. Muna gab da sauka ta matso, ta kama hannuna, ta sauke murya yadda matar da ke kusa ba za ta ji ba.

"Ɗiyata, akwai abin da ban faɗa musu ba. Wannan nawa ne. Ki riƙe mini."

Ta gaya mini. Shi kuma ba za ku ji ba.